Ƙusoshin Akawu

Bodinga,
Rajab, 1351

Zuwa ga mai ɗakina Atika,

Gaisuwa mai yawa daga wanda damina uku ke nan rabonsa da ƙofar gidansa. Ina fata kina lafiya, ke da 'yar taki, da Inna, da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Yaya aka ji da kaka a Maƙarfi? Ni lafiyata lau, sai gajiya, ita kuwa ta riga ta zama 'yar gida.

Na san ƙanena Ɗanmalam ne zai karanta miki wannan takarda. To kai mai karatu, ka karanta duka, kada ka tsallake inda bai yi maka daɗi ba.

Kin tambaya wane irin aiki ne wannan da ba a iya ajiye shi ko wata guda. Bari in gaya miki yau, ki san abin da ya riƙe mijinki a ƙasar Sakkwato. Kamfaninmu fata yake saye, ta jar akuya da ta tunkiya da ƙirgin shanu. Mahauci ya kawo, a duba, a auna, a ba shi 'yar takarda, a ajiye 'yar'uwarta a ofis. Ran da mota ta zo da kuɗi daga Sakkwato mahaucin ya dawo, a haɗa takardun biyu, a sallame shi. Iyakar aikin ke nan. Amma da na iso, sai na tarar da takardun ofis duka a cikin akwatin ƙarfe ɗaya, na bara da na bana, da wasiƙun manaja, har da ɓawon gyaɗa. Gindin akwatin ya yi tsatsa, gara ta shiga ta ci rabonta. Mutum zai taso daga Dingyadi da ƙafa, a yi ta tone-tone har la'asar, a ce masa ya dawo wata kasuwar. Na ga dattijon da ya kwana uku a zauren mutane saboda fata takwas.

Takardar da ta fi muhimmanci kuwa ba ta ma shiga akwatin. A cikin hular akawu take kwana. Al'adar akawunan nan ke nan, kowa ya cusa aikinsa a hula da aljihu da ƙarƙashin matashi, don kada wani ya san inda abu yake sai shi. Wai ta haka ba a iya korar mutum.

Ni na sayi katako da kuɗina, na sa maƙeri ya ƙera mini dogayen ƙusoshi, na kafa a bango. Dingyadi da ƙusarta, Danchadi da tata, cikin gari da tasa, wasiƙun Sakkwato da tasu, sai ta can ƙarshe, ta abin da aka gama. Kowace Alhamis in zare na ƙarshen, in ɗinke su da zare, in rubuta wata a kai, in rataye a azara inda gara ba ta kaiwa. Na sa wa kaina doka, takarda ba ta kwana a tebur, kuma ba na ɗaukar takarda sau biyu. In na ɗauka, ko in gama da ita, ko ta hau ƙusarta. Da sassafe wasiƙu, kafin kasuwa ta cika. Bayan azahar lissafi, a lokacin kuwa ko goro aka miƙo ba na ɗaga kai, har ana cewa Bazazzagin nan girman kai gare shi. Su faɗa. Yanzu mahauci kan shigo ya fita tun jakinsa bai gama shan ruwa ba.

Abokin aikina Lawali ɗan garin nan ne, sa'ana, mai mata da 'ya'ya. In faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Da zazzaɓi ya kwantar da ni bara, shi ya riƙa kawo mini kunu daga gidansa. Amma in ka ba shi takarda da safe, da yamma za ka same ta an naɗe ƙuli-ƙuli da ita. Tun zuwana sau biyu ana ba shi hutu, gidansa kuwa daga ƙofar ofis ana hango dangarsa. Ni da zan hau mota zuwa Gusau, in hau jirgin ƙasa, in ƙarasa da ƙafa, sau uku ina roƙo ana cewa in dakata.

Ɗanmalam ya rubuta cewa 'yar taki ta fara magana, wai shi take kira Baba. Na ga a matsayin abin dariya ya rubuta, na kuma yi dariyar. Bayan nan na kasa cin abinci. Ba laifinsa ba ne, ba kuma laifinta ba ne. Na baro ki da ciki, ita kuwa ba ta taɓa ganin ko inuwata ba.

Manajanmu, Baturen da ake kira Mai Lofe, zai zo duba ofis kafin azumi. Zai tarar da abin da bai taɓa gani a nan ba, kuma a ranar zan sake roƙo. Ki sa rai da ni da ƙaramar salla.

A gaida Inna da kyau, a gaida Baffa da iyalinsa.

Naki,
Husaini

Shagari,
Shawwal, 1351

Zuwa ga Atika,

Bayan gaisuwa da barka da shan ruwa, ina fata kun yi salla lafiya. Yaya 'yar taki? An yi mata kitson salla kuwa? Yaya Inna ta ji da azumi?

Kin ga sunan garin da na rubuta a sama, kin san ban zo ba, kuma kin san ba a Bodinga nake ba. Ki yi haƙuri da kwanon da Ɗanmalam ya ce kin ajiye mini har dare ran salla.

Mai Lofe ya zo. Ya tsaya gaban katakon nan ya daɗe, ya ce a ba shi takardar wani mahaucin Danchadi ta watan jiya, na miƙa hannu na ciro. Ya ce ta bara, na sauko da ɗaurinta daga azara. Ya yi ta gyaɗa kai, ya buga kafaɗata a gaban mutane. Da na kawo maganar hutu sai ya cire lofen daga baki, ya tambaye ni da karkatacciyar Hausarsa, wa zai riƙe ƙusa in na tafi? Kafin in buɗe baki ya ce ai ma akwai inda aka fi bukata ta. Akawun Shagari ya rasu, Allah ya jiƙansa, ofis ya tsaya cak. Ladan gyaran Bodinga ke nan, aka ba ni keken kamfani da wani sabon juji. A makon ne kuma aka yi wa Lawali alkawarin hutun salla, tun da shi in ya tafi ba abin da ke tsayawa.

Marigayin shekara tara ya yi a nan, kuma duk ofishin a kansa yake. Ran da aka binne shi aka binne da shi. Sai da na je gidansa na yi gaisuwa, na roƙi matarsa ta duba mana kayansa. Ta fito da huluna huɗu, kowace cike da takardu, wasu zufa ta cinye tawadar. Ba na zagin mamaci, tsoron kora ne ya sa shi haka, tsoron kuwa na gaskiya ne. Amma mutanen ƙauyen Mandera sun yi ta zarya wata biyu a kan haƙƙinsu.

Na kafa ƙusoshi a nan ma. Kafin in gama, aka aiko daga Bodinga wai abubuwa sun rikice, in zo. Yanzu mako na rabe biyu, rabi can rabi nan, a kan keken da sarƙarsa ke zamewa in ta ga yashi. Ofis biyu, albashin mutum ɗaya.

Babban akawunmu na Sakkwato, Malam Shaihu, dattijo ne mai son mutane, ya biyo mota ya zo. Bayan mun ci abinci ya ja ni gefe, ya ce yana tausayina. Ya ce kuskurena ɗaya, na nuna wa Bature iyakar ƙarfina, wanda ya yi haka kuwa ba a sake shi. Ga abin da ya ce da bakinsa: "Husaini, ka bari aikin ga shi kayar da kai. Wata ukku kawai. In Bature ya ga kai ma kamar kowa kake, da kainai za shi ce ka tafi ka huta."

Atika, na san dabarar za ta ci. Na ga ta ci wa wasu. Na kwana da ita a raina, don ba abin da nake so kamar in ga kaina a tsakar gidanmu. Amma wata ukun nan a jikin wa zai ƙare? Ba a jikin Mai Lofe ba, shi yana Sakkwato da mai yi masa fifita. A jikin mutumin Mandera zai ƙare, wanda zai bar garkensa ya zo ya zauna a rana ina yi masa ƙaryar ban ga takardarsa ba, alhali na san ƙusar da take. Ba zan yi ba. Ban baro gidan ubana na zo nan don in koyi lalaci da gangan ba. In sai na lalace za a ga na cancanci ganin 'yata, to su riƙe hutunsu, zan nemi wata hanya.

Na gode wa Malam Shaihu, na raka shi mota. Ya tafi yana girgiza kai.

Ki gaida kowa. Kai kuma Ɗanmalam, a duba rufin ɗakin Inna tun kafin bazara.

Mijinki,
Husaini

Shagari,
Zulƙida, 1351

Zuwa ga Atika,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarku ta iso, na ji kowa lafiya, alhamdu lillahi. Na ji kuma 'yar taki ta yi tari ta warke. A riƙa rufe ta da asuba.

Na sami hanyar. Bature ya ce wa zai riƙe ƙusa in na tafi, to zan ba shi masu riƙewa, in ga abin da zai ce kuma.

A nan Shagari akwai Altine, mai duba fata, Bafillace, ya girme ni. Bai san boko ba amma ajaminsa ya fi nawa kyau. Na rubuta sunan kowace ƙusa da ajami a ƙarƙashin bokon, na koya masa lambobin Bature, yanzu shi ke ba da takarda shi ke sokewa. A Bodinga kuwa na zaunar da Lawali. Ranar farko na ce ya cire hularsa ya zazzage a tebur. Ya ce wannan ai cin mutunci ne, ko surukinsa bai taɓa sa shi cire hula ba. Takarda goma sha ɗaya ta faɗo, da guntun goro. Mahautan da ke bakin ƙofa suka yi ta dariya, har ɗaya ya ce ashe fatunsa a kan Lawali suke kiwo tun kaka. Shi ma ya yi dariya a ƙarshe.

Abin da na gano, ba wanda ya taɓa koya masa aikin. An dai ba shi kujera da alƙalami aka tafi. Yana da saurin lissafi fiye da ni, hannunsa ne ba ya sanin inda zai ajiye abu. Yanzu in ya ɗauki takarda ya juya zai yi hira, sai in buga tebur, ya waiwayo ya soke ta. Yana kira na Malam Ƙusa, garin duka ya ɗauka.

Malam Shaihu ya ji labari ya aiko mini da saƙo. Ya ce in daina haukan nan. Farashin fata ya faɗi a ƙasar Turawa, kamfani na neman wanda zai rage, an riga an sallami akawu uku a wasu garuruwa. Wanda ya koya wa na ƙasa da shi aikinsa, in ji shi, da hannunsa ya nuna wa Bature inda zai yanka. Kai ma Ɗanmalam na ga naka wa'azin, shafi guda, cewa in tuna albashin nan ne ke biyan harajin gidanmu. Na tuna. Ban taɓa mantawa ba ko wata ɗaya, kai shaida ne. Ba ƙarya kuka faɗa ba, ku duka biyun. Amma na ga huluna huɗun nan da idona, na ga matar marigayi tana zazzage su tana kuka. Shekara tara ya riƙe kujerarsa da ɓoye-ɓoye, bai taɓa yin nisa da ita ba ko na mako guda, don in ya tafi asiri zai tonu. Wannan ba riƙe aiki ba ne, aikin ne ya riƙe shi har kabari. Ni ba haka zan ƙare ba.

Babbar salla ta ƙarato. Bayan layya fata kan yi yawa har a rasa wurin shanya, a nan ake gane ofis. Na yi niyya a makon nan ba zan taɓa takarda ko ɗaya ba. In sun riƙe, Bature ba shi da sauran magana.

Atika, ke ba ki ce komai ba a takardar, ko kuwa kin ce mai rubutu ya haɗiye. Ki yi mini addu'a kawai.

A gaida Inna.

Naki,
Husaini

Bodinga,
Muharram, 1352

Zuwa ga mai ɗakina Atika,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ke da 'yar taki da Inna. An fara ganin hadari a wajenku? Nan zafi ne kawai, ko tsuntsu ba ya son tashi.

Ina zuwa gida. Ki bari Ɗanmalam ya kai ƙarshe kafin ki yi guɗa.

Layya ta zo, fata ta cika ko'ina, jakuna har bakin masallaci. Na shimfiɗa tabarma a gindin itacen bedi da ke gaban ofishin Bodinga, na zauna na harɗe hannu. Ban taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Ina kallo Lawali ya soke takardar Danchadi a ƙusar Dingyadi, ƙafata har ta motsa, na danne ta. Da la'asar da kansa ya gano, ya gyara, ya leƙo ta taga ya ga ko na gani. Na yi kamar ina barci. A Shagari ma Altine ya riƙe, sai kuskure biyu ƙanana da ya warware kafin mota ta zo. Ba wanda ya kwana a zauren kowa.

Mai Lofe ya zo bayan salla, ya duba ofis biyun, ya ji daɗi ƙwarai. Na ce to ga masu riƙe ƙusa, a ba ni hutuna kafin ruwa ya sauka hanya ta yanke. Ya cusa taba a lofe. Sannan ya ce bana ba hutu ga kowa, umarni ne daga manyan kamfani a Ikko. Ya ce tun da ofis biyun nan suna tafiya da Lawali da Altine, kamfani ba zai biya mutum na uku ba. Amma akwai wani ofis can arewa, bakin iyakar Faransa, ya fi Shagari lalacewa. In na tafi a makon nan zai ƙara mini sule biyu, in na gyara shi kuma baɗi a duba maganar hutu.

Baɗi. Haka aka ce mini bara, haka aka ce bara waccan. Na dube shi, na ga bayan wannan ofis akwai wani, bayan wanin akwai wani, ba ranar da juji zai ƙare a ƙasar nan. Na cire makullin keken na ajiye a tebur, na ce, "Ranka ya daɗe, can ma akwai maƙeri. Ni gida za ni."

Ba zan ce ya zalunce ni da ƙarya ba. Bai ɓoye mini komai ba, kuma shi ma akwai na sama da shi da ke taka masa wuya. Ya rubuta mini takardar shaida mai kyau, ya biya ni watan nan cikakke. Sai dai a idonsa ni da katakon bango ɗaya ne, abin da ake cirewa a kai wani ɗaki. Malam Shaihu ma ya yi gaskiya, yadda ya faɗa haka ta faru. Kai ma Ɗanmalam ka yi gaskiya, sai ka ji daɗi, ba sai ka maimaita mini a zaure ba.

Da magariba Lawali ya zo masaukina, ya ƙi zama. Ya ce shi ba zai ci abinci a kujerar da aka ture ni ba. Ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, ka bari in cire ƙusoshin ga mako guda, in maida komi cikin akwati. Wallahi da gudu za a aiko a kira ka."

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce in ya taɓa ƙusa ɗaya ban yafe ba. Na ce wata uku na yi ina buga tebur, ba don ya zo ya yi mini wannan kyautar ba. Ya tsaya yana share ido da hannun riga, ƙato da shi. Daga baya na zaunar da shi muka ci tuwo, na sa ya yi mini alkawari zai koya wa wani kafin shekara ta zagayo, kome za a ce masa. Kyautar da ya kawo ba ƙarama ba ce, Atika, na sani. Abincin 'ya'yansa ya ɗora a kan sikeli domina. Shi ya sa ma ba zan karɓa ba.

Ban san abin da zan yi bayan damina ba. Wataƙila a Zariya a sami mai son akawu, wataƙila a rasa. Yanzu dai, Ɗanmalam, gonar bakin rafi kada ka ba kowa aro, ka ware mini irin dawa. Hannuna ya yi laushi, za ku yi mini dariya mako biyu, daga nan ku gaji.

Motar Talata zan bi zuwa Sakkwato, daga can Gusau, in Allah ya yarda. Abu ɗaya nake roƙo. In na iso, kada a turo mini yarinyar nan a ce ga babanki, kada kuma a tsawata mata in ta gudu bayan zanenki. A bar ta ta kira wanda ta saba kira. Ni zan zauna a tsakar gida inda za ta riƙa ganina, har ta gaji da kallo ta matso da kanta. Na iya jira, an koya mini a nan.

Ki gaida Inna, ki ce mata ɗanta na hanya. A gaida Baffa da duk maƙwabta. Allah ya sada mu da alheri.

Mijinki,
Husaini

Don kada ki sa rai da abin da babu, ga abin da na iya tarawa a damina ukun nan, bayan na cire kuɗin mota da na jirgi. Fam biyu da sule goma sha ɗaya. Zane biyu, ɗaya naki ɗaya na Inna. Buzun salla ɗaya. Takalman jar fata na yarinya, ƙafa biyu, ƙarami da babba, don ban san girman ƙafarta ba.